Dokar tsimin makamashi a gini: tana rage shan wuta kuwa, ko takarda ce kawai?

Tambaya: Wani mai karatu daga Kano da yake shirin gina gidajen haya ya rubuto cewa: "Mai zana mini taswira ya ce akwai dokar tarayya kan tsimin makamashi a gine-gine. Ya ce in sa abin tare zafi a rufi, in kuma rage girman tagogin yamma. Ni dai ban taɓa jin an tsayar da ginin wani saboda wannan ba. Me dokar ta ƙunsa? Irin waɗannan dokoki suna aiki kuwa, ko ƙarin kashe kuɗi ne kawai?"

Amsa: Malam, mai zanen naka gaskiya ya faɗa maka, kai ma kuma kana da hujja da ka ce ba ka taɓa ganin an tsayar da gini saboda ita ba. Dokar tana nan. Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta tarayya ce ta ƙaddamar da ita a 2017, zamanin da Babatunde Fashola yake minista, da tallafin Tarayyar Turai da hukumar GIZ ta Jamus. BEEC ake kiranta a takardun ma'aikata. Dalilin da ya sa ba ka jin ɗuriyarta zan zo kansa a gaba. Bari in fara da abin da ya sa ake kafa irin wannan doka tun asali.

In ka sayi fanka ta ƙi kyau, baɗi sai ka sake wata. Gini kuwa zai yi shekara 50 ko fiye a tsaye, kuma yawancin abin da zai sa ya yi zafi ko sanyi an gama yanke shi tun kafin a haƙa harsashi: ina ya fuskanta, ina tagogi suke, me aka sa tsakanin kwano da silin. Tun ran gini ran zane. Bayan an yi filasta an tare, gyaran waɗannan abubuwa ko dai ba ya yiwuwa, ko kuma kuɗinsa ya ninka. Sannan ga wata matsala da kai kanka kake cikinta: mai gini daban, mai biyan kuɗin wuta daban. Kai za ka biya kuɗin abin tare zafi, ɗan haya ne zai ga sauƙi a mitarsa. Ɗan kwangilar da ya gina ofishin gwamnati ba shi zai riƙa sayen gas ɗin janareta ba. Kowa ya bi lissafin aljihunsa, sai a wayi gari gari guda ya cika da gine-ginen da ba sa zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Aikin doka shi ne ta ja layi a ƙasa ta ce kada kowa ya sauka ƙasa da nan, domin mai son yin abin kirki kada ya zama shi kaɗai ne gininsa ya yi tsada a kasuwa.

Yawancin waɗannan dokoki 'ya'yan rikicin man fetur na 1973 ne. Faransa ta fitar da tata a 1974, ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta buga ma'auninta na farko a 1975, Jamus ta Yamma a 1977, jihar Kalifoniya kuma ta fara aiki da tata, wadda aka sani da Title 24, a 1978. Su damuwarsu ta fi karkata ga ɗumama gida lokacin sanyi. Mu kishiyar haka ce tamu, shi ya sa kwafo dokarsu kai tsaye ba zai amfane mu ba. A yau, a lissafin Hukumar Makamashi ta Duniya, gine-gine ne suke cinye kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya take amfani da shi.

Dokar Najeriya gajeriya ce, kuma a ganina wannan yabo ne gare ta. Ta shafi sababbin gidajen zama da ofisoshi, abubuwa huɗu kuma ta kama.

Mafi girma a wurinmu shi ne rufi. Dokar ta ce a sa abin tare zafi wanda ƙarfin tarewarsa bai gaza 1.25 ba, a ma'aunin da injiniyoyi suke kira R. Kada lambar ta ba ka tsoro. Shimfiɗar audugar gilashi mai kaurin santimita 5 a kan silin ta kai wannan adadi. Soson roba mai tauri, irin farin nan da ake kare firji da talabijin da shi a cikin kwali, shi ma in ya kai wajen wannan kauri ya isa, sai dai a nemi wanda aka yi domin gini, mai jure wuta.

Ka taɓa leƙa cikin silin da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu? Tambayi mai wayarin ɗinka. Ba sa yarda su shiga sai da sassafe, domin kwanon yana iya wuce digiri 60, iskar da ke ƙarƙashinsa kuma tana biye da shi. Abin da ya raba wannan tanda da kan mai ɗaki shi ne allon silin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Mu yi lissafi sama-sama. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, silinsa murabba'in mita 16 ke nan. A ce cikin rufi ya fi ɗakin zafi da digiri 25. In babu komai a kan silin, zafin da yake sauka zai iya haura wat 1,000. In aka shimfiɗa abin tare zafin da doka ta ce, ya dawo wajen wat 300. Na'urar sanyaya ɗakin da 'yan kasuwa suke kira mai doki ɗaya tana iya fitar da zafi kusan wat 2,600 ne. Wato a ɗakin da ba a kare ba, sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta yana tafiya ne wajen kokawa da rufi kawai, ba a zo maganar bango da taga da mutanen ciki ba. Wanda ba shi da na'urar kuma a jikinsa yake biya: fanka tana juyawa, iska mai zafi take hurowa, har tsakar dare silin yana amayar da abin da ya sha da rana.

Nan ne ma zan ɗan kauce in yi ƙorafi kan yayin kwano baƙi. Shekarun nan duk sabuwar unguwar da ka shiga, rufi dogo ne mai tsini, launinsa baƙi ko ruwan toka mai duhu, ko irin mai tsakuwa. Kyau dai yana da kyau. Amma baƙin rufi yana shanye mafi yawan hasken ranar da ya sauka kansa, fari ko mai ƙyalli kuwa yana mayar da fiye da rabi. Kuɗinsu kusan ɗaya. Ban san wata shawara a harkar gini da take kyauta kamar zaɓen launin kwano ba, amma ita aka fi yi wa kunnen uwar shegu.

Abu na biyu tagogi. Dokar ta ce faɗin taga kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na bangon da take jikinsa, in kuma ya wuce, dole a yi mata inuwa daga waje. Bango mai mita 4 da tsayin mita 3, an yarje maka tagar da ta kai murabba'in mita 2.4. Tagar da aka saba sa wa ɗaki, mai ƙafa 4 da ƙafa 4, ba ta ma kai 1.5 ba. To ka ga gidan talaka ya cika wannan sharaɗi ba tare da ya san da shi ba. Waɗanda abin ya shafa su ne benayen ofis da filazoji masu fuskar gilashi daga sama har ƙasa, da manyan falukan da ake ɗauko hotonsu daga intanet a miƙa wa magini. Gilashin da ya fuskanci yamma, da la'asar kowace murabba'in mita tasa tana iya shigo da zafi wajen wat 500. Tagar falo mai murabba'in mita 4 kamar ka kunna dutsen guga biyu ne ka bar su a tsakar ɗaki. Labule ba ya maganin wannan, domin kafin rana ta taɓa labule ta riga ta shigo. Gilashi mai duhu yana ragewa, amma shi ma yana ɗaukar zafi ya turo wani ciki. Inuwar waje ce magani: baranda, rumfa, leɓen kankare a saman taga, ko bishiyar darbejiya.

Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka da tsakar rana kusan a kanmu rana take, ɗan leɓe kaɗan ya isa ya kare tagogin kudu da arewa. Gabas da yamma ne masu wuya, domin nan rana take zuwa a kwance, ta shigo ta ƙarƙashin kowane leɓe. Shi ya sa mai zanenka ya kama maganar yamma. In filin ya ba da dama, a miƙe ginin daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa su kalli kudu da arewa, a kai bayi da sito da matakala ɓangaren faɗuwar rana.

Na uku fitilu: wat 6 a kowace murabba'in mita a gida, wat 8 a ofis. Ɗakin nan namu na mita 16 an ba shi wat 96. Da ƙwan LED wannan ba komai ba ne, biyu ko uku sun wadatar. Inda ake faɗawa shi ne adon silin na zamani, a jera ƙananan fitilu 20 a kewaye, kowace wat 6, ga babbar fitilar tsakiya a kai.

Na huɗu na'urar sanyaya ɗaki. Dole ta zama mai inbata, wato wadda injinta yake rage gudu in ɗaki ya yi sanyi, kuma kowane wat ɗaya na wutar da ta sha ta fitar da zafi aƙalla wat 2.8. Ko wadda ta cika wannan sharaɗi, mai doki ɗaya tana jan sama da wat 900 in tana aiki da dukkan ƙarfinta. Awa 8 a rana yunit 7 da ɗoriya ke nan. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ko da yake an ɗan sassauta daga baya, wannan lissafi ya tashi daga hannun injiniyoyi ya koma hannun masu gida. Mai janareta kuwa, tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, ya fi kowa sanin farashin kowane wat. Mai sola shi ma haka: duk zafin da ka hana shiga ɗaki, faranti da batir ne ka rage saye.

Wanda yake ganin waɗannan ƙa'idoji sun takura masa, akwai hanya ta biyu. Zai iya yin zanen da ya ga dama, muddin ya nuna ta lissafin kwamfuta cewa gininsa ba zai fi wanda ya bi ƙa'idojin shan wuta ba. Wannan ta manyan gine-gine ce, ba taka ba.

Yanzu ga ainihin tambayarka: suna aiki kuwa? Suna aiki, amma ba kamar yadda ake rubutawa a takardar ƙaddamarwa ba. Masu tsara dokarmu sun yi hasashen ragin kusan kashi 40 cikin 100 ga ginin da ya bi ta. Hasashen kwamfuta ne, kuma abin da aka gani a wasu ƙasashe ya koya mana mu riƙa karɓar irinsa da hannu ɗaya. An daɗe ana kafa misali da Kalifoniya, inda wutar da kowane mutum yake sha ta kusan tsayawa wuri ɗaya tun tsakiyar shekarun 1970, alhali ta sauran Amurka tana ta hawa. Sai wani masanin tattalin arziki, Arik Levinson, ya bi gidajen jihar a wani bincike da ya fitar a 2016, ya tarar ragin da aka samu ya yi ƙasa sosai da abin da injiniyoyi suka yi alkawari. A garin Gainesville na jihar Fulorida, bayan an tsaurara doka a 2002, an auna an ga wutar lantarki ta ragu da kusan kashi 4, iskar gas da kusan kashi 6. Da aka sake komawa bayan wasu shekaru, ragin gas yana nan, na lantarki kuwa ya ɓace.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Abin da aka zana ba lallai shi aka gina ba. Mutane suna ƙara girman gidaje, suna ƙara kayan wuta. Wanda kuma ya ga sanyaya ɗaki ya yi masa araha sai ya ƙara awannin kunnawa. Ni ban ɗauki wannan na ƙarshe a matsayin gazawa ba, musamman a nan. A ƙasar da mafi yawan gidaje ba su da na'urar sanyaya ɗaki, wutar ma ba kullum take zuwa ba, ba za ka auna amfanin rufi mai kyau da mita kaɗai ba. Ka auna shi da ko jariri da tsohuwa za su iya barci a ɗaki a watan azumin da ya faɗo cikin bazara. Ka kuma auna shi da na'urorin da za a saya nan da shekara 10 ko 20, domin duk wanda hali ya buɗe masa zai saya. Ginin yau ne zai yanke ko mai doki ɗaya za ta ishe shi ko sai mai biyu, taransifomar unguwa kuma ita za ta ɗauki bambancin.

To me ya sa ba ka ji an tsayar da kowa ba? Domin ba Abuja ce take ba ka izinin gini a Kano ba. Tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar jihar Legas da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Dokar tarayya irin wannan samfuri ce, ba ta da haƙori sai jiha ta ɗauke ta ta shigar cikin ƙa'idojinta, sannan hukuma irin KNUPDA, mai tsara birane a Kano, ta riƙa tambayarta a teburin duba taswira. Haka kundin dokar gini na ƙasa na 2006 shi ma ya daɗe yana fama. Ka ƙara da cewa gidaje da yawa ba sa bi ta wannan tebur sam, daga mai fili sai birkila, sai ka ga iyakar inda hannun dokar zai kai.

Indiya ta sha irin wannan. Ta fitar da dokarta a 2007 domin manyan gine-ginen kasuwanci, amma shekaru aka yi ba ta motsa ba, sai da jihohi suka fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A birnin Haidarabad sun haɗa ta da tsarin neman izinin gini ta intanet, suka kuma ba wa ƙwararru masu zaman kansu aikin tantancewa, tunda ma'aikatan hukuma ba su isa ba. Afirka ta Kudu kuwa tun 2011 ta cusa tata cikin dokar gini ta ƙasa, har da sharaɗin cewa aƙalla rabin ruwan zafin sabon gida ya fito ta wata hanya ba hitar lantarki ba. Can ƙaramar hukuma ba ta amincewa da taswira sai an nuna an cika sharuɗɗan.

Da ni ake tambaya, jihohinmu kada su fara da mai ɗaki biyu a bayan gari. Su fara da kansu: sakatariya, asibiti, makaranta, rukunin gidajen gwamnati. Daga nan otal-otal, bankuna, filazoji da masu gina rukunin gidaje na sayarwa, waɗanda dama dole su zo neman izini. In waɗannan suka fara sayen abin tare zafi da yawa, 'yan kasuwa za su kawo shi, farashi ya sauka, kafintoci su koyi sa shi, daga nan ya gangaro kan kowa. Fitilu da na'urori kuma ba a wurin gini ake kama su ba, domin bayan mai duba gini ya tafi ake sayensu. A tashar jiragen ruwa da kasuwa ake tare su, aikin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da kwastan ne. Gana ta nuna hanya da ta hana shigo da tsofaffin firji daga 2013.

Inda nake ganin dokarmu ta bar giɓi shi ne bango. Cikin sharuɗɗan nan huɗu babu wanda ya taɓa shi, alhali a ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu bango yana da aiki babba. Bulo mai inci 6 mai rami, rana ta buge shi da la'asar, kafin lisha zafin ya huda ciki. Katangar tubali mai kauri kuwa tana riƙe zafin awanni masu yawa, shi ya sa zauren soro yake da daɗin zama da tsakar rana. Wanda ya shiga Gidan Makama da azahar ya san abin da nake nufi. Ba ina cewa mu koma soro da azara yadda suke ba. Yaɓe duk shekara kafin damina ba wasa ba ne, kuma a tsakiyar bazara soron ma da dare yana amayar da zafi, shi ya sa kakanninmu suke kwana a tsakar gida. Amma akwai tsaka-tsaki. A Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Duk jihar Arewa da za ta ɗauki dokar nan, ya kamata ta ƙara sharaɗin bangon yamma, ta kuma amince da bulon ƙasa a rubuce, domin mai son amfani da shi kada ya sha wahala wajen neman izini ko bashin banki.

Kai kuma da gidajen hayarka, ba sai ka jira an tilasta maka ba. Juya ginin da rage tagogin yamma ba su da ko sisi, a takarda ake yinsu. Kwano mai haske kuɗinsa ɗaya da mai duhu. Abin tare zafi ne kaɗai ƙarin kuɗi na gaske, kuma ƙaramin kaso ne in ka gwada shi da abin da za ka kashe a tayil da adon silin. Zai dawo maka ta wajen ɗan hayar da ba ya tashi duk shekara, domin a garin nan labarin gida mai zafi yana riga dillali isa.

In kuɗi ya yi kaɗan, ka fara da ɗakunan kwana da duk ɗakin da yake ƙarƙashin kwano kai tsaye. Ka sa a bar ƙofofin iska masu raga a ƙarƙashin leɓen rufi da can sama, domin zafin cikin silin ya sami mafita. In takardar alminiyam mai ƙyalli za a sa, a bar mata sarari tsakaninta da kwano, in an manna ta da shi amfaninta ya tafi. Ka sa a rubuta kauri da irin kayan a takardar kwangila, kada a tsaya kan "za a sa". Ranar da za a shimfiɗa kuma ka zo da kanka, ko ka turo wanda ka yarda da shi, ya hau tsani ya duba cewa an rufe ko'ina har kusurwoyi, babu giɓi a wajen katako da wayoyi, kafin kafinta ya buga allon ƙarshe.